Lasifikar da Gado Ya Raba

Lasifika ashirin da ɗaya ce a ɗakin da nake kira shago a gidanmu na unguwar Nyohini a Tamale, wanda matata take kira sito. Ba irin ta kan hasumiyar masallaci nake nufi ba. Akwatunan katako ne na sauraron kiɗa a falo, waɗanda aka ƙera tun ina ɗan makaranta, wasu ma sun girme ni. Duk wanda ya san harkar, da ya ji ashirin da ɗaya zai ce da saura, domin biyu-biyu ake yin su kamar takalmi, ta hagu da ta dama. Gaskiyarsa, akwai ɗaya da ke zaune ita kaɗai a lungu, kuma ni na jawo mata wannan zaman.

Babanmu falken goro ne, kamar yadda ubansa ya yi tun zuwansu daga ƙasar Kano. Wata shekara ya dawo daga Kumasi da kwali uku a kan huhunan goro: na'ura mai juya faifai, da akwatunan lasifika biyu. Mutum ne mai kamewa, a waje ba wanda zai ce ya san kiɗa. Amma ranar Juma'a bayan la'asar sai ya turo ƙofar ɗakinsa, ya auna taku huɗu daga bango, ya shimfiɗa buzu daidai tsakanin akwatunan nan, ya zaunar da ni da Yaya. Mu biyu kaɗai Allah ya bar masa, ita ce babba da shekara biyar. Yana da wani faifai na makaɗan kudu da ya fi so. In ya sa, sai jita ta fito daga hagu, masu busa su fito daga dama, muryar mawaƙin kuwa ta tsaya a tsakiya, a jikin bango, inda babu komai sai kalanda. Ranar farko tashi na yi na ɗaga kalandar in ga inda mutumin ya ɓuya. Yaya ta yi dariya har da hawaye.

Baba ya ce, "Dawo ka zauna. Ba ya cikin wannan, ba ya cikin wancan. In ka kashe ɗaya, ya tafi."

Wannan muryar ta tsakiya ita ta mai da ni mai gyaran rediyo. Shekara talatin da wani abu na yi a cikin sana'ar, ina gyara da rana, ina kai kayan sauti gidajen biki da suna da maulidi a ƙarshen mako. Ina da wata ɗabi'a da abokan aiki ke yi mini tsiya a kanta: in ina neman inda lasifika ke kuka, ba na yarda da mita, sai in manna kunnena na dama a jikinta a ƙure sauti. Ina alfahari da kunnen nan ƙwarai, har ina cewa ya fi duk na'urar da Bature ya ƙera.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali, Yaya ce ta baro gidanta na unguwar Kukuo ta zo ta yi jinyarsa kusan shekara uku. Ni ina leƙowa da ledar magani, in tsaya daga bakin ƙofa in tambayi jiki, in hau babur in koma shago. A lokacin gani nake ina yin nawa. Bayan sadakar arba'in aka kira malami ya raba gado. Dattijo ne mai tsoron Allah, kuma bai yi komai ba sai abin da ya sani. Ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan kayan sautin Baba, ya ƙirga: na'ura ɗaya, akwati biyu, abu uku ke nan. Ya yi murmushi don lissafi ya zo masa da sauƙi, namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Ya tura mini na'urar da akwatin hagu, ya tura wa Yaya akwatin dama.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce wannan ai kamar a ba mutum takalmi ƙafa ɗaya ne, ba a raba su. Da a nan na tsaya, da ba abin da ya faru. Amma sai na juya wajen Yaya, a gaban dangi da maƙwabta, na ce, "Me za ki yi da shi? Ko inda ake sa waya ba ki sani ba. Faɗi kuɗinsa in biya ki yanzu."

Ta dube ni ta daɗe. 'Yar falke ce ita ma, a kasuwa ta tashi. Ta ce, "Albarka."

Kalmar da mai kaya ke faɗa ke nan in tayi bai yi masa ba, kuma a gidanmu in an faɗe ta an rufe magana. Ta naɗe gammo, ta ɗora akwatin a ka, ta fita da shi da ƙafa ba ta jira an nemo mota ba.

Shekara goma sha shida muka yi a haka. Ba gaba muke yi ba a idon mutane, muna gaisawa ranar Salla da wajen jana'iza, gaisuwar da ba ta wuce ina gajiya, lafiya lau. Daga Nyohini zuwa Kukuo bai kai minti ashirin a babur ba, amma ban taɓa taka gidanta ba. Ina jin haushinta, kuma a ƙarƙashin haushin ina jin kunya, sai dai haushin ya fi daɗin riƙewa. Wani lokaci nakan haɗa akwatin hagu shi kaɗai in sa faifan Baba. Jita ta fito, masu busa su yi can nesa kamar daga wata unguwa, mawaƙin kuwa ya maƙale a cikin akwati. In kashe in fita.

Da na rage aiki, na sayi babbar waya, sai na gano cewa ana gwanjon tsofaffin kayan sauti a intanet. Tsoho ya mutu a Ingila ko Jamus, 'ya'yansa su ɗauki hoton kayansa su sa a kasuwa, a ba da kwana bakwai, wanda tayinsa ya fi na kowa lokacin da agogo ya cika shi ya saya. Nan take na ƙudura abu ɗaya: zan nemo irin akwatin Baba, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, in haɗa da nawa, in ji muryar tsakiya ba tare da na roƙi kowa ba.

Shigata kasuwar abin dariya ne. Mutumin farko da na ga yana da kaya, wasiƙa na rubuta masa. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na yi masa ta'aziyyar mahaifinsa, sannan a ƙarshe na ce nawa zai sallama. Ya amsa da layi ɗaya, wai in danna inda kowa ke dannawa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci ni shi ne dokar Baba. Tun muna yara a rumfar goro ya hore mu cewa in ka tarar da mutum yana ciniki, ka ja baya ka rufe bakinka har ya gama, in sun rabu ba a daidaita ba sannan ka matso. Shiga cinikin wani, a wajensa, ɗan'uwan sata ne. To ana nan sai ga akwatin da nake nema ya fito, guda ɗaya tak, ba ɗan'uwa. Na duba na ga wani ya riga ya taya. Sai na ja baya ina jira ya gama. Kwana biyar ina leƙawa safe da yamma ko zai janye, har agogo ya cika a kan idona, aka rubuta an sayar. Bayan wata takwas wani ya sake fitowa, na sake yin wannan ladabin, aka sake sayarwa.

Limamin masallacinmu na kai wa kuka. Badagombe ne, Afa muke ce masa kamar yadda suke kiran malami, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya saurare ni har na gama, ya riƙe gemu don kar dariya ta ƙwace masa.

Ya ce, "Malam, ciniki daban, gwanjo daban. Ciniki, mutum biyu sun kusa gama, kai ka zo ka ɓata, wannan ba kyau. Gwanjo, mai kaya shi ya kira kowa da kowa. Kasuwa ya buɗe. In ka ƙara, ba laifi koraa, ko kaɗan. Kai kana jira wani ya gama, shi ma yana jira ka mutu."

Daga ranar na koyi harkar, har na wuce inda ya kamata. Na gane cewa wanda ya taya da wuri ya tona asirin kansa ne kawai. Gwanaye ɓuya suke yi, sai saura daƙiƙa biyar ko shida su faɗo kamar shaho, kafin ɗayan ya farga agogo ya cika. Ranar da na fara yi wa wani haka, na ji daɗi har na yi tafi ni kaɗai, daga baya kuma na ji kamar Baba na tsaye a bayana. Akwatin da nake nema bai sake fitowa ba shekara da shekaru, amma hannu ya riga ya saba, sai na shiga sayen wasu. Masu rauni nake bi, waɗanda aka rubuta ba sa aiki, don su ne masu araha kuma su ne ke da abin yi. Wani ɗan'uwan matata da ke Ingila yana tara mini su ya sako a jirgin ruwa zuwa tashar Tema da ke bakin teku, daga nan su hau mota kwana guda zuwa Tamale.

Gyaran shi ne inda hankalina ke kwanciya. A cikin kowane akwati akwai takarda mai siffar mazurari, ita ke motsi ta ba da sauti, kuma zoben soso ne ke riƙe da bakinta. Soson nan shekaru ke cinye shi, ka taɓa ya marmashe a yatsa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Sai ka kankare shi a hankali da reza, ka shafa gam, ka zaunar da sabo, kana danna takardar da yatsu huɗu kana saurare ko tana gogar wani abu a ciki. In ta goga, ka ɗaga ka sake. Sannan ka jira gam ya bushe, kuma ba a yi masa gaggawa. Katakon kuma ka bi shi da samfefa mai laushi, ka shafa mai. Nakan yi yini guda a kan akwati ɗaya ban san rana ta yi ba. Matata takan tsaya a ƙofa ta yi ta magana ban amsa ba, sai ta zagayo ta gabana.

"Malam, sau uku ina kiranka."

"To ki riƙa buɗe baki mana. Magana kike kamar mai cin kwaɗo."

"Ni ce ma ba na buɗe baki? Allah ya ba ka haƙuri."

Bara, cikin damina, akwatin ya fito. Guda ɗaya, kamfanin Baba, samfurin Baba, har ƙyallen gabansa iri ɗaya. Gwanjon zai cika ranar Lahadi da yamma. Mutum uku ke ja, ni na huɗu ina laɓe ban ce uffan ba. Hadari ya haɗu, na san in ruwa ya sauko sabis zai gudu, sai na fita tsakar gida na tsaya kusa da tankin ruwa inda waya ta fi kamawa. Na rubuta tayin da ko matata ban gaya wa ba, na ɗora yatsa ina kallon agogo yana sauka. Saura daƙiƙa shida na danna. Waya ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin, sannan ta nuna nawa ne. Na zauna a kan bokiti ruwa na dukana, ina jin kamar na ci Yaya da yaƙi.

Wata uku ya yi a hanya. Na canza masa soso, na gyara wayoyin ciki, na goge shi har ya yi ƙyalli. Ranar Juma'a bayan la'asar na kwashe kujerun falo, na ajiye na Baba a hagu, baƙon a dama, na auna taku huɗu, na shimfiɗa darduma, na sa faifan. Jita ta fito. Masu busa suka fito. Mawaƙin ya buɗe baki, amma ba a tsakiya ba. Ya karkata hagu, ya jingina da akwatin Baba kamar mai jin tsoron baƙo.

Kowane ɗan koyo ya san gwajin farko a irin wannan hali: ka musanya su, na hagu ya koma dama, ka ji ko matsalar za ta bi akwatin. Ni da na koya wa mutane wannan ban yi ba. Ina da wanda zan ɗora wa laifi a shirye, me zai kai ni bincike? Na zagi Baturen da ya sayar mini, na zagi sanyin ƙasarsu da ya lalata maganaɗisun, na zagi jirgin ruwa. Na buɗe baƙon akwatin sau uku ban ga komai ba. A ƙarshe na yanke hukunci irin na masana, cewa akwatunan da aka ƙera tare, suka tsufa tare a ɗaki ɗaya, su kaɗai ke jituwa.

Matata tana tsince shinkafa ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Ka iya kai hannu Ingila cikin daƙiƙa shida. Kukuo ce dai ta yi maka nisa."

Kwana biyu ina kumbure-kumbure. In faɗi gaskiya, ba zumunci ne ya tashe ni ba, son jin muryar nan ne. Kuma bakina ba zai iya cewa ta ba ni aro ba, tunda an riga an ce mini albarka. Sai na ɗauki hanyar da ta rage. Na tsayar da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na ɗora na'urar da akwatin hagu da faifan, na rungume su har Kukuo.

Na same ta tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Ta tsufa fiye da yadda nake ganinta a wajen jana'iza, ko kuma ban taɓa kallonta sosai ba. Ta dubi kayan, ta dube ni.

"Auta, ka yi ɓatan kai ne?"

"A'a, Yaya. Na kawo shi ya ga ɗan'uwansa."

"To shigo da shi, rana na dukansa."

Akwatin na cikin ɗakinta, a kan bulo biyu saboda gara, an lulluɓe shi da farin leshi, ba a ɗora masa ko kofi ba. Da na yaye leshin sai na ga katakon ya yi duhu yana sheƙi, ya fi duk nawa kyau. Ta ce man kaɗe take shafa masa duk Juma'a. Ba ta taɓa haɗa shi da komai ba, ba ta da abin haɗawa. Na cire ƙyallen gaba na taɓa soson, ya zube. Na ce sai an canza, kuma gam na son kwana biyu. Ta ce ita ba inda za ta.

Kwana uku ina zuwa. Ina aiki a kan tabarma, tana kawo mini tuwon zafi da miyar ayoyo, muna hirar tsadar masara da ciwon gwiwa da waɗanda suka mutu. A rana ta biyu ina danna takarda da yatsu, ba na kallonta, na ce, "Yaya, maganar da na faɗa ranar rabo, ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta. Sannan ta ce, "Shekara uku ni ke sa wa Baba faifan nan duk Juma'a, da hannunsa ya daina ɗaguwa. Na san inda ake sa waya sarai. Da cewa ka yi, Yaya mu bar su wuri ɗaya, wallahi da na bar maka. Kuɗi ka ce. Ya yi mini zafi paa, zafi ƙwarai." Ta gyara ɗankwali. "Na yafe tun tuni. Kai ne ba ka zo ka karɓa ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar na jera su, na auna taku huɗu, ta shimfiɗa tabarma. Na zauna daidai tsakiya, ita tana damana. Na sauke allura a kan faifan. Jita, masu busa, sannan mawaƙin. Yana hagu, daidai inda ya tsaya a falona.

Na juya zan ce akwai abin da ban gyara daidai ba, sai na ga Yaya ta kafa wa bango ido, hawaye na bin fuskarta.

Ta ce, "Ga shi can. Inda kalanda take."

"A tsakiya kike jin sa?"

"Kai a ina kake jin sa?"

Na nuna hagu. Ta dube ni irin kallon da ta yi mini ranar rabo, sai dai wannan ba fushi a ciki. Ta matso da bakinta kusa da kunnena na dama, na ga leɓɓanta na motsi, na ji iskar numfashinta, ban ji kalma ko ɗaya ba.

Ta koma ta zauna ta ce, "Tun ranar da ka shigo na lura. In ina magana, hagu kake juyo mini."

Na tuna matata da kiranta sau uku. Na tuna wayar da na mayar kunnen hagu ban san yaushe ba, da shekara talatin na manna kai a jikin akwati ana ƙure sauti. Baturen bai cuce ni ba, akwatinsa lafiyarsa ƙalau. Tsoro ya kama ni, sannan baƙin ciki, don na gane cewa da na zo shekara goma da suka wuce, ko biyar, da na ji abin da take ji yanzu. Akwatin na nan a kan bulo yana jirana duk tsawon lokacin, kunnen ne bai jira ba.

Yaya ta kama hannun rigata ta ja. "Matso ta nan. Kusa da na dama."

Na matsa. Mawaƙin ya ɗan saki akwatin hagu.

"Ƙara."

Na ƙara, har kafaɗata ta taɓa tata. A nan ya tsaya a jikin bango, ba tas kamar da ba, amma ya tsaya. Muka zauna a haka har faifan ya ƙare allura tana ƙas-ƙas, ba wanda ya tashi ya ɗaga ta.

Ban dawo da kayan ba. Na'urar da akwatin hagu suna ɗakin Yaya, ta sa an ƙaro bulo biyu. Baƙon na Ingila shi ne ke zaune shi kaɗai a lungun shagona, kuma tun daga ranar ban sake shiga gwanjo ba. Duk Juma'a in an sauko la'asar nakan hau babur in tafi Kukuo, in tarar ta riga ta shimfiɗa tabarma. Ba na auna taku yanzu, inda take zaune nake dubawa in zauna kusa da ita.